Daga Kona Zuwa Mayahi: A Mayar Wa Talakawa Wuƙa Da Nama

Ranar 4 ga watan Afrilu na shekarar 2024 hukumomin mulkin soja na CNSP suka sa hannu a kan dokar da ta rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi a duk faɗin Nijar, suka kuma naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki, a gurbin magadan garin da suka fito daga zaɓen 13 ga Disamban 2020. Da wannan sa hannu guda, komin 7 na gundumar Tasawa da komin 8 na gundumar Mayahi suka koma ƙarƙashin mutanen da babu wanda ya jefa wa ƙuri'a. Gundumomin nan biyu kuwa kowace ɗaya ta haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2012. Manomin Kona da ya saba tare kansilan yankinsu ranar kasuwa ya tambaye shi labarin rijiyar da ta ƙafe, ko ajin zanar da iska ta kwashe, yanzu ba shi da wanda zai riƙe wa gefen riga ya ce masa: ni na zaɓe ka.

Wannan al'amari ya fi ƙarfin a bar shi a matsayin sauyin ma'aikata kawai. Tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce, ta girmi mulkin soja na yanzu, ta girmi jamhuriyoyin da suka gabace shi: wa ke da ikon tsara ci gaban ƙauye? Mutanen da ke shan ruwan rijiyarsa, ko jami'in da ke zaune a ofis a Yamai, kusan kilomita 800 daga Tasawa? Bahaushe ya riga ya ba da amsa da ya ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Abin da ya rage shi ne hukuma ta yarda da wannan amsa, ta kuma biya kuɗin yarda da ita.

Alkawarin da ya tsufa

Maganar sakar wa ƙananan hukumomi mara ta daɗe a bakin magabatan ƙasar nan. A shekarar 1964 gwamnatin Jori Hamani ta kasa ƙasa zuwa larduna 7 da gundumomi 32, Tasawa da Mayahi na ciki, ta kuma tanadi majalisu a gundumomin. To amma a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo, majalisa ba ta wuce wurin tafi ba. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, Seini Kunce ya kafa majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har zuwa ƙoli, ya jingina su da Samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. An yi aikin gayya mai yawa a wancan zamani, an gina azuzuwa, an share hanyoyi, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai umarni daga sama yake saukowa, talaka kuwa nasa ɗaukar bulo da kwaɓa ƙasa.

Babban Taron Ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 shi ne ya ɗaga murya a kan wannan tsari, kundin tsarin mulki na 26 ga Disamban 1992 kuma ya rubuta cewa ƙananan hukumomi za su tafiyar da kansu ta hannun zaɓaɓɓu. Yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa, wadda aka sa wa hannu ranar 24 ga Afrilun 1995, ta sake ɗaukar wannan alkawari. Duk da haka sai ranar 7 ga Fabrairun 1999 aka yi zaɓen farko, wanda ƴan adawa suka yi rinjaye a wurare da dama. Kotun Ƙoli ta soke sakamako mai yawa a farkon Afrilu, ranar 9 ga watan aka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai, zaɓen kuma ya bi ruwa baki ɗaya.

Dokokin 11 ga Yunin 2002, zamanin Tanja Mamadu, su ne suka ƙirƙiro komin 265, wato 52 na birni da 213 na karkara. A nan aka haifi komin ɗin Kona tare da maƙwabtanta Baudeta da Korgom da Maijirgi da Hawandawaki da Urafan, aka kuma haifi Kanambakashe da Caké da Isawan da Sarkin Hausa da sauransu a ɓangaren Mayahi. Ranar 24 ga Yulin 2004 jama'a suka zaɓi kansiloli 3,747. An sake zaɓe a Disamban 2009 cikin rikicin tazarce, juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ya share shi kafin ya cika wata biyu. An sake a ranar 11 ga Janairun 2011, kansilolin da aka zaɓa don shekara biyar suka yi kusan goma saboda gwamnati ta yi ta ɗage zaɓe tana ƙara musu wa'adi. Sannan aka yi na 2020, wanda aka rusa a 2024.

Duk mai lissafi zai ga abin da wannan jeri ke nunawa. An kira talakawa rumfar zaɓen ƙananan hukumomi sau biyar, sau uku aka yaga abin da suka zaɓa kafin wa'adinsa ya cika. Itacen da ake tumɓukewa duk bayan ƴan shekaru don a duba ko ya yi saiwa ba zai taɓa ba da inuwa ba, kuma rashin adalci ne a dawo a zarge shi da rashin ƴaƴa.

Nauyi ba guzuri

Ko a shekarun da majalisun ke zaune, gwamnatin tsakiya ta riƙe abin da ya fi muhimmanci, wato kuɗi. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumban 2010 ta ce a fili duk nauyin da aka sauke wa komin sai an haɗa shi da kuɗinsa da ma'aikatansa. A watan Janairun 2016 gwamnatin Mahamadu Isufu ta fitar da ƙudurorin miƙa wa komin da jahohi fannonin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. An yi bukukuwa, an miƙa takardu gaban kyamara. Amma kasafin kuɗin waɗannan fannoni ya ci gaba da zama a ma'aikatun Yamai, manyan kwangiloli a can ake bayar da su, magajin gari kuma ya wayi gari da alhakin makarantu da ɗakunan shan magani ba tare da abin sayen alli ko auduga ba. An aiki yaro kasuwa mai nisa, an hana shi guzuri, an kuma tanadi bulala don ranar da zai dawo hannu wofi.

Ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su duba da idon basira abin da komin na karkara ke samu da kanta. Babban abin dogaronta shi ne harajin kai, wanda aka daɗe ana karɓa a kan sefa 700, wato dala 140, ta hannun masu gari da hakimai. A ɗauka komin tana da masu biyan haraji 10,000, kuma kowa ya biya ba saura: abin da zai shiga asusu miliyan 7 ne na sefa a shekara. Daga ciki za a fitar da ladan masu karɓa, da albashin magatakarda da ma'aji da mai rajistar haihuwa, da kuɗin zaman majalisa, da man babur. Abin da zai rage ba zai haƙa rijiyar burtsatse da tankinta ba, balle a yi maganar hanya. Kuma kowa ya san ba a taɓa biya ba saura. Shekarar da damina ta yi gardama, kamar 2004 da ta haifi yunwar 2005 wadda ta fi tsanani a jahar Maraɗi, magidanta kan watse cin rani zuwa Kano da Agadas da Libiya, mai gari kuma ba ya karɓar haraji daga rumbun da babu gero.

Sauran kuɗin shiga daga kasuwa suke fitowa: tikitin rumfa, da na dabbobi a kara, da na tasha, da na mahauta, da fatanti. A nan ne bambanci ke bayyana tsakanin manya da ƙanana. Tasawa tana bakin babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, tana da kasuwar hatsi da ta dabbobi da ƴan kasuwa ke zuwa daga nesa. Mayahi hedikwatar gunduma ce. Ƙaramar komin irin Kona kuwa geronta da wakenta da gyaɗarta da jajayen awakinta sukan tafi manyan kasuwanni ne, a can ake yanka musu tikiti. Ga kuma dogaro da iyakar Najeriya: lokacin da aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kasuwannin yankin sun ji a jikinsu, asusun komin ma haka.

Don cike wannan giɓi ne dokar shekarar 2008 ta kafa hukumar ANFICT, mai kula da asusun tallafa wa ƙananan hukumomi da asusun daidaita tsakanin masu hali da marasa hali. Tunanin mai kyau ne. Amma hukumar ta ɗauki shekaru kafin ta fara aiki sosai, kuma abin da take rabawa ya dogara ga abin da baitulmali ya ga damar saki a kowace shekara. Magajin garin da bai san nawa zai samu ba, bai kuma san ranar da zai samu ba, ba ya iya tsara aikin shekara ɗaya, balle na biyar.

Wa ke rubuta tsarin?

Doka ta wajabta wa kowace komin ta mallaki tsarin raya kanta na shekara biyar, wanda ma'aikata ke kira PDC, da kuma jadawalin ayyuka na kowace shekara. A ƙa'ida daga ƙauyuka ake farawa: a tara maza da mata da matasa da makiyaya, kowa ya faɗi damuwarsa, a jera su bisa muhimmanci, majalisa ta tattauna ta amince. A aikace sau da yawa wani mai ba da tallafi ne ke biyan ƙwararre daga birni, ya zo ya yi kwanaki kaɗan, ya koma ya rubuta kundi mai kauri da Faransanci, harshen da mafi yawan kansilolin karkara ba sa karantawa. Kundin ya jera ayyukan da kuɗinsu ya ninka ƙarfin komin sau da yawa, a ajiye shi a kabad, a riƙa fito da shi in baƙo ya zo. Abin da ake aiwatarwa a ƙarshe shi ne abin da mai kuɗin ya zo da niyyar yi tun daga ƙasarsa.

Wanda zai ce talakawan yankin ba su iya tsara wa kansu ba, tarihin jahar Maraɗi ya ƙaryata shi. Mayahi tana cikin wurare biyu, ita da Ngigmi, da asusun FENU da hukumar PNUD na Majalisar Ɗinkin Duniya suka gwada tsarin komin tun kafin zaɓen 2004. An kafa majalisun gwaji, an ba su asusu na gaske, an bar su su zaɓi aiki su ba da kwangila su sa ido. Mutanen da ake cewa ba su yi lakwal ba sun koyi muhawara a kan kasafi, sun koyi bambance abin da ake so da abin da ake iya biya. Darasin da ya fito daga can mai sauƙi ne: mutum yana koyon riƙon kuɗi ne in an ba shi kuɗi ya riƙe.

Ga kuma sassaben zamani. Tun daga shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka fara barin tohon gawo da kalgo da sabara da aduwa a gonakinsu suna gyara su maimakon sarewa. Babu ma'aikatar da ta shuka waɗannan itatuwa. Abin da ya canza shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ƙauyuka irin Ɗan Saga a gundumar Agiye kuma suka kafa kwamitocin tsaro da dokokin kansu a kan masu sara da dare. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen eka miliyan 5 na ma'aunin hekta suka farfaɗo a kudancin ƙasar ta wannan hanya, abin da manyan ayyukan dashen itace na gwamnati ba su kusanta ba. Haka nan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jahar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa matan ƙauye na iya tara asusu, su ba da rance, su karɓi biya, su riƙe lissafi ba tare da ko dala ta ɓata ba, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Daga cikin irin waɗannan mata ne aka samu kansiloli bayan dokar kaso ta shekarar 2000.

Batun ƙasa ma haka yake. Tasawa da Mayahi suna kan hanyar makiyayan da ke hawa arewa da damina su gangaro da kaka, kwarin Gulbin Kaba da gorubarsa kuma wurin kiwo ne da noma a lokaci guda. Jahar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, inda aka kashe sama da mutum ɗari a watan Oktoban 1991 a rikicin manoma da makiyaya. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa a gundumomi, waɗanda daga baya suka kai har ƙauye, don shata burtali da makiyaya da mashaya da ba da takardar gona. Sanin inda tsohon burtali ya bi, da ranar da ta dace a saki gonaki bayan girbi, ilimi ne da ke kan dattawan wuri. Kwamitin komin yana aiki ne in akwai shugaban da ɓangarorin biyu suka san da hannunsu a zamansa.

Hujjar masu rusawa

Adalci ne a saurari abin da masu goyon bayan rusa majalisun ke faɗa, domin ba duka ne ƙarya ba. Sun ce magadan gari da yawa sun ci amanar jama'a, sun sayar da filaye, sun yi wasa da tikitin kasuwa. Sun ce kansiloli sun mayar da majalisa fagen rikicin jam'iyyu, yau a tsige wannan gobe a ɗora wancan. Sun ce ƙasa na cikin yaƙi, ƴan bindiga sun addabi Madarunfa da Gidan Rumji, lokaci ne na murya ɗaya. Gaskiya ne gwamnatocin farar hula da kansu sun tuɓe magadan gari da dama bisa zargin almundahana.

To amma maganin ɓarawo kotu ce. Ƙasa tana da masu binciken kuɗi, tana da alƙalai, tana da gidan kaso. In magajin gari ya ci kuɗin kasuwa, a kama shi a gurfanar da shi a ƙwato dukiyar, a bar mutanen garin su zaɓi wani. Hukunta dukkan masu zaɓe saboda laifin wasu zaɓaɓɓu daidai yake da rushe rumbu don a kashe ɓera. Kuma babu wata shaida da ke nuna cewa naɗi yana tsarkake zuciya. Akwai kantomomi masu gaskiya da himma, kamar yadda aka yi magadan gari masu gaskiya da himma. Bambancin yana ga inda idon kowannensu ke kallo: zaɓaɓɓe yana tsoron ranar da zai koma neman ƙuri'a wurin waɗanda ya yi wa alkawari, naɗaɗɗe kuwa yana tsoron wayar da za ta zo daga sama. In kantoma ya yi kuskure, talaka ba shi da ƙofar da zai buga.

Maganar tsaro kuwa hujja ce da ke goyon bayan majalisun. Ɓarayin shanu da masu satar mutane suna samun wurin shiga ne inda jama'a suka ɗauki hukuma baƙuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kansilan da ya san kowace ruga da kowane tungan noma, wanda ake gaya wa magana a wurin suna da wurin jana'iza, kunne ne da babu rundunar da za ta iya saye.

Maƙwabta ma suna da abin koyarwa. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni ɗora kantomomin riƙo a gurbin zaɓaɓɓu, bayan shekaru da gwamnonin suka yi suna riƙe da asusun haɗin gwiwa. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, abin da ke nuna cewa mai riƙe da kuɗi ba ya saki da daɗin rai a ko'ina. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya kuwa, tun 1996 hukuma ta ware kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin ayyukan raya ƙasa ta miƙa wa ƙananan hukumomi, tare da sharaɗin a tsara ayyukan a tarukan ƙauye. Sun fara da sakin kuɗin, horon ya biyo baya.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, hukumomin ƙasa su faɗi ranar zaɓen ƙananan hukumomi. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Janar Abdurahaman Tiani wa'adin shekara biyar, an kuma rusa jam'iyyun siyasa. Wannan ba dalili ba ne na barin komin ba zaɓaɓɓu har ƙarshen wa'adin. Mutanen Kona ba sa bukatar tutar jam'iyya kafin su gane wanda ya cancanci riƙe musu amana a cikinsu. Mulkin da ya ce ya zo ne don mayar wa ƙasa ƴancinta, babu inda ya fi dacewa ya fara kamar ƙauye.

Na biyu, doka ta yanke wani kaso sananne na kuɗin shigar ƙasa wanda zai riƙa zuwa ga komin duk wata uku, bisa ma'aunin da kowa ya sani: yawan jama'a, faɗin ƙasa, da ƙarancin abin da komin ke iya tarawa. A buga abin da kowace komin ta samu a jaridu, a karanta a rediyo. Ta haka ƙananan komin za su daina zaman jiran tsammani.

Na uku, a tsara PDC da Hausa da Fulatanci da Tamajak gwargwadon mazauna wuri, a taƙaita shi yadda za a iya karanta shi a zama ɗaya a gindin itace, a kuma kasa shi gida biyu: abin da komin za ta yi da kuɗinta, da abin da take neman taimako a kai. Duk mai ba da tallafi, na gida ko na waje, ya zaɓa daga cikin wannan jeri. Wanda ya zo da nasa aikin daban, a gode masa a nuna masa kundin.

Na huɗu, lissafin komin ya fito fili. Doka ta ce majalisa na zama sau huɗu a shekara, kuma ƙofa a buɗe take ga jama'a. A ƙara da allo a bakin kowace kasuwa mai nuna abin da aka tara a makon da ya wuce da abin da aka yi da shi. Wannan ya shafi kantomomin yanzu kafin kowa: tun da babu majalisar da za ta tambaye su, sai su kira taron jama'a da kansu, da masu gari da limamai da ƙungiyoyin mata da na makiyaya da na ƴan kasuwa, su baje lissafi.

Na biyar, ƙananan komin su haɗa ƙarfi, kamar yadda doka ta ba su dama. Kona da Baudeta da Korgom da Hawandawaki ba kowace ce za ta iya ɗaukar injiniya ko gyara hanyar da ke fitar da amfanin gona ba, amma su huɗu za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, a fayyace iyaka tsakanin magajin gari da prefe da sarki. Aikin prefe shi ne duba ko shawarar majalisa ta dace da doka, ba zaɓar mata inda za ta haƙa rijiya ba. Sarakuna da hakimai suna da kujerar ba da shawara a majalisa, su ne kuma ke sasanta rikicin gona da tara haraji. A ba su girmansu da haƙƙinsu a kan lokaci, su kuma bar kasafi ga waɗanda aka zaɓa dominsa.

Ƴan kasuwa da ma'aikata suna da nasu rabon a wannan aiki. Ɗan kasuwar da ke ba mai tikiti rabin kuɗi a ɓoye don kada a yanka masa takarda, shi ne ke sayen kwatar da ke cika rumfarsa da ruwa kowace damina. Ya biya cikakke, ya karɓi takardarsa, sannan ya sami bakin tambaya. Ma'aikacin gona ko na ruwa ko na lafiya da aka turo gunduma kuma ya daina ganin aiki da komin a matsayin ragin daraja, ya daina jiran kuɗin tafiya kafin ya taka ƙauyen da ake biyansa albashi dominsa. Iliminsa ne zai mayar da buƙatar talaka ta zama aiki mai ma'auni da farashi.

Shekara sama da 60 bayan dokar 1964, da shekara sama da 30 bayan Babban Taron Ƙasa, an gwada mulkin jam'iyya ɗaya, an gwada na soja, an gwada na jam'iyyu barkatai, kowanne ya yi wa ƙauye alkawarin riƙe ragamar kansa, kowanne ya ji nauyin sakin igiyar. Abu ɗaya da ba a taɓa gwadawa ba shi ne a bar zaɓaɓɓiyar majalisa da kuɗinta a hannu ta yi wa'adi uku ko huɗu a jere ba tare da an taɓa ta ba, tana kuskure masu zaɓe suna gyara ta. Mutanen da suka mayar da itatuwa gonakin Maraɗi da hannunsu sun cancanci a yi wannan gwaji da su. Allah Ya ba magabata ikon sauraro, Ya ba talakawa ƙarfin tambaya.